THW Kiel: ƙungiyar da zaurenta ya cika tun kofuna ba su zo ba

A kakar wasa ta 2011/2012 ƙungiyar ƙwallon hannu ta THW Kiel ta buga wasa 34 a gasar Bundesliga ta Jamus, ta ci duka 34 ɗin. Babu kunnen doki, babu shan kashi, a gida ko a waje. Maki biyu ake ba wanda ya ci wasa a wannan gasa, don haka ta rufe kaka da maki 68 cif, ko ɗaya bai zube ba. A shekarar ta haɗa da kofin ƙalubale na Jamus, ta kuma je birnin Kolon ta doke Atlético Madrid da ci 26 da 21 ta ɗauko Kofin Zakarun Turai. Duk wanda zai ba da labarin Kiel daga nan yake farawa, kuma ba laifinsa ba ne.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai wani lissafin ne daban. Ƙungiyoyi huɗun ƙarshe na gasar Turai ne suka hallara a Kolon a wancan ƙarshen mako na 2012: Kiel, Füchse Berlin, AG København ta Denmak, da Atlético Madrid ta Sifaniya. Ba a yi wata uku ba AG København ta karye, aka rufe ta. Shekara ta zagayo, a 2013, ita ma Atlético ta bi sahu. Biyu daga cikin huɗun da suka fi kowa a Turai sun ɓace kamar ba a taɓa yin su ba, Kiel kuwa tana nan har gobe. Ruwa ba ya tsami banza, kuma dalilin wannan bambanci shi ne ainihin tarihin ƙungiyar.

Kiel ba babban birni ba ne. Ita ce hedikwatar jihar Schleswig-Holstein a can ƙuryar arewacin Jamus, a bakin Tekun Baltik, mutanenta ba su wuce kimanin 250,000 ba. Garin jiragen ruwa ne da sojan ruwa, shi ya sa ya sha ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1904 aka kafa ƙungiyar a matsayin ta motsa jiki, da sunan Turnverein Hassee-Winterbek, wato sunayen unguwanni biyu ne, kuma daga nan haruffan THW suka fito. Ƙwallon hannu ta shigo cikinta a shekarun 1920. A wancan zamani a filin ciyawa ake buga ta, mutum 11 kowane ɓangare, da raga irin ta ƙwallon ƙafa. A irin wannan wasa Kiel ta zama zakaran Jamus a 1948 da 1950, a lokacin da rabin garin kango ne. Gwarzonsu shi ne Hein Dahlinger, wanda ake yi wa laƙabi da Hein Daddel. Har yau jakin dawan da ke zagaya fili yana tayar da ’yan kallo sunansa Hein Daddel, domin rigar ƙungiyar fari da baƙi ce, ana kuma kiran ’yan wasanta jakunan dawa.

Sanyin arewacin Turai ne ya kori wasan daga ciyawa ya shigar da shi ɗaki. A ɗaki fili ya tsuke zuwa mita 40 a tsawo da 20 a faɗi, ’yan wasa suka koma 7 har da gola, wasa ya yi sauri ya yi zafi. A nan Kiel ta yi dace da wani abu da ba ta saya ba. A 1951 birnin ya buɗe babban zaure mai suna Ostseehalle a tsakiyar gari, wanda aka gina da ƙarafan wata rumfar ajiye jiragen sama da aka kwaso daga tsibirin Sylt. A lokacin da yawancin abokan hamayya ke wasa a ɗakunan motsa jiki na makarantu, ita tana da wurin da ke ɗaukar dubban mutane. Ta ci gasar cikin ɗaki a 1957, 1962 da 1963.

Daga nan sai fari ya sauka. Shekara 31 cur, daga 1963 har 1994, Kiel ba ta sake zama zakaran Jamus ba. Gummersbach ta yi zamaninta, Großwallstadt ta yi nata, Essen ta yi nata. A shekarun 1980 Kiel ta sha zuwa ta biyu, kofi yana gabanta tana kallo ya wuce. Yaron da aka haifa a shekarar kofin ƙarshe ya girma ya yi aure ya haihu bai ga an ɗaga wani ba. Amma a cikin wannan farin zauren bai taɓa zama kufai ba. Mutanen Kiel sun mayar da zuwa kallon THW al’ada, kamar yadda ake cin kasuwar mako ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ƙwallon ƙafa ma ba ta janye su ba, domin Holstein Kiel, ƙungiyar garin, sai a 2024 ta fara taka babbar gasar Bundesliga, ta yi kaka ɗaya ta sauko. Duk tsawon shekarun nan, in ana maganar wasa a Kiel, ƙwallon hannu ake nufi.

Wannan shi ne jarin da ƙungiyar ta shiga zamanin kuɗi da shi. A 1992 aka ware babbar tawagar maza daga uwar ƙungiya aka mayar da ita kamfani mai zaman kansa, tsohon ɗan wasanta Uwe Schwenker ya zama manaja. Kafin nan, a 1990, an ɗauko Magnus Wislander daga Suwidin, mutumin da daga baya aka zaɓa gwarzon ƙwallon hannu na ƙarni na 20. Dogo ne, ba ya gaggawa, yana ganin inda ƙwallo za ta je tun ba a jefa ta ba, ya kuma yi shekara 12 a Kiel. A 1993 aka ɗauko koci Zvonimir Serdarušić, wanda kowa ke kira Noka, haifaffen Mostar a Bosniya. Daga ina aka ɗauko shi? Daga Flensburg, maƙwabciya kuma babbar abokiyar gaba, wadda tsakaninta da Kiel bai kai kilomita 100 ba. Kakarsa ta farko, 1994, fari ya yanke.

Noka ya zauna shekara 15, ya ci gasar Jamus sau 11. Alfreð Gíslason ɗan Aisilan ya gaje shi a 2008, ya zauna shekara 11, ya ci sau 6. Filip Jícha ɗan Jamhuriyar Cek, wanda ya yi wa ƙungiyar wasa daga 2007 zuwa 2015, ya karɓa a 2019. Daga 1993 zuwa 2025 ke nan, sama da shekara 30, koci uku kacal. Mai bin ƙwallon ƙafar Turai, inda ake korar koci kafin ya gama sanin sunayen ’yan wasansa, ya san nauyin wannan magana. Kuma a ƙwallon hannu zaman koci ya fi tasiri, saboda yadda wasan yake.

Bari in ɗan tsaya a nan, domin wanda bai taɓa kallon wasan da kyau ba zai ɗauka gudu ne da jifa kawai. Ka lura da tsaron gida. Mutum shida ne suke jeruwa a bakin layin mita 6, kafaɗa da kafaɗa, suna matsawa dama da hagu tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. A tsakiyarsu abokan hamayya sun cusa wani ƙato, mai tsayawa a bakin da’ira, aikinsa ya tokare mutum ya buɗe kafa. In mai jifa daga nesa ya taso, ɗaya daga cikin masu tsaro zai fita ya tare shi, na kusa da shi kuma dole ya rufe gurbin da ya bari a daidai wannan ƙiftawar ido, ba tare da an yi magana ba. Gola a bayansu ya riga ya san ɓangaren da hannayen masu tsaro za su toshe, shi sai ya tsare ɗaya ɓangaren. In mutum ɗaya ya makara da taki guda, ƙwallo na raga. Ga kuma danƙon da ’yan wasa ke shafa wa yatsu, wasu har su manna guntunsa a dunduniyar takalmi su riƙa dangwala, wanda ke sa a riƙe ƙwallo da hannu ɗaya a murɗa ta yadda aka ga dama, ta faɗi ƙasa ta kauce wa gola. Mai ƙwallo ba ya wuce taki uku ko daƙiƙa uku da ita a hannu. Irin wannan fahimtar juna ba a sayo ta a kasuwa rana ɗaya, shekaru ake yi ana gina ta. Stefan Lövgren ya yi shekara 10 a Kiel, Marcus Ahlm ya yi 10, Domagoj Duvnjak ɗan Kuroshiya ya zo a 2014 ya haura 10. Sabon zuwa yana tarar da tsari a ƙasa da manya masu nuna masa, kamar yadda almajirin maƙera ke tarar da wuta a hure.

To da me ake biyan waɗannan mutane? A nan zauren yake dawowa. Bayan faɗaɗa shi da aka yi a farkon shekarun 2000 yana ɗaukar mutum 10,285. Shekara da shekaru kusan duk kujerun a matsayin tikitin kaka ake sayar da su, tun ba a fara wasa ba, har ta kai ana gadon kujera a cikin iyali, uba ya bar wa ɗa. Ma’anar wannan ga manaja ita ce tun watan bazara ya san abin da ke aljihunsa, ko an ci ko ba a ci ba. A kan wannan sai kuɗin kamfanonin yankin masu ɗaukar nauyi, manya da ƙanana da yawa, ciki har da kamfanin inshora na Provinzial da sunansa ya daɗe a gaban rigar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma amfanin hannaye da yawa shi ne in ɗaya ya gaji jinkar ba ta faɗuwa.

A gwada da sauran. Ciudad Real ta Sifaniya ta ci Kofin Zakarun Turai a 2006, 2008 da 2009, biyu na ƙarshen a hannun Kiel ta ƙwace su, kuma a gaskiya ƙungiya ce da ba a cika ganin irinta ba. Amma tana tsaye ne a kan attajiri ɗaya, Domingo Díaz de Mera. Da tattalin arzikin Sifaniya ya durƙushe aka kwashe ta zuwa Madrid a 2011 aka sa mata rigar Atlético, bayan shekara biyu ta mutu. AG København ta Jesper Nielsen ce, mai kasuwancin kayan ado. Ya tara taurari, ya ci gasar Denmak sau biyu, ya janye hannu, aka rufe shago. HSV Hamburg, wadda Andreas Rudolph ya riƙa zuba wa kuɗi, ta katse wa Kiel jerin nasarori a 2011, ta ci kofin Turai a 2013, a farkon 2016 kuwa ta rasa lasisi saboda bashi, ta koma rukuni na uku ta fara daga tushe. Ban raina waɗannan mutane ba, sun so wasan, sun kashe dukiyarsu a kansa. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara, kuma ’yan wasa da ma’aikatan da suka wayi gari babu albashi su ne suka ɗanɗana kuɗar.

Kada a ɗauka tarihin Kiel fari ne fat. A 2007 ta ci kofin Turai na farko, kuma a kan Flensburg. An tashi 28 da 28 a Flensburg, Kiel ta ci 29 da 27 a gida, da tawagar da raunuka suka rarake har benci ya kusa zama wayam. Nikola Karabatić, matashin Bafaranshe, shi ya ɗauki ƙungiyar a kafaɗa, a raga kuma ga ɗan ƙasarsu Thierry Omeyer. A shekarar sun haɗa kofuna uku. Bayan shekara biyu, a 2009, zargi ya fashe cewa an ba alƙalan wasan ƙarshen, ’yan ƙasar Polan, cin hanci. Schwenker ya sauka daga muƙaminsa, aka gurfanar da shi tare da Noka, wanda ya riga ya bar ƙungiyar a 2008 bayan sun ɓata. A Janairun 2012 kotu a Kiel ta sallame su duka biyu, domin ba a tabbatar da zargin ba, daga baya ma Schwenker ya zama shugaban hukumar gasar Bundesliga ta ƙwallon hannu. Hukuncin kotu shi ne hukunci, ni ma a kansa na tsaya. Amma mai son ƙungiyar da gaske ba zai ce abin bai bar tabo ba. A Flensburg har yau in aka ambaci 2007 fuska takan canza.

Abin lura shi ne mutum biyun da suka gina gidan, Noka da Schwenker, sun fita cikin shekara guda, Karabatić ya koma Montpellier, Lövgren ya yi ritaya, amma gidan bai rushe ba. A kakar farko ta Gíslason maki uku kawai suka zubar. A 2010, karon farko da aka tara ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe a Kolon, Barcelona ta ba Kiel ratar ƙwallo shida a zagaye na biyu na wasan ƙarshe. Omeyer ya rufe raga, aka riƙa cin gudu ana ramawa ɗaya bayan ɗaya, aka tashi 36 da 34 Kiel ce a sama. Sai kakar maki 68 ɗin nan, da Jícha da Daniel Narcisse da Ahlm da Omeyer duk a ganiyarsu.

Kakar da na fi so in ba da labarinta ita ce ta 2013/2014, domin ita ce ta nuna halin ƙungiyar a lokacin da ba ta fi kowa taurari ba. Omeyer, Narcisse da Ahlm duk sun tafi. Rhein-Neckar Löwen ta zo ranar ƙarshe tana gaba da bambancin ƙwallaye, wato waɗanda ta ci a cire waɗanda aka zura mata, maki kuwa daidai. Löwen ta je Gummersbach ta ci 40 da 35, abin da a ranar da aka saba ya isa. Kiel kuwa a gida ta lallasa Füchse Berlin 37 da 23, mutum dubu goma a tsaye, ido ɗaya a fili ɗaya a waya ana jiran labarin Gummersbach. Da aka tattara lissafin wasa 34, kowace na da maki 59, Kiel ta ɗara da ƙwallo biyu a bambancin ƙwallaye. Ƙwallo biyu, a gasar da kowace ƙungiya ke jefa kusan dubu a kaka. Mako guda bayan haka Flensburg ta doke ta 30 da 28 a wasan ƙarshe na Turai, ta rama na 2007.

Daga 2015 iska ta fara juyawa, kuma a nan ne tsarin Kiel ya nuna iyakarsa. Zaure mai kujera 10,285 ba ya ƙaruwa, kuɗin tikiti ba a ninka shi a kan mutanen da suka riƙe ka shekara 31 kana fari. A gefe guda ga Paris Saint-Germain da kuɗin Ƙatar, ga Barcelona da ke jingine da uwar ƙungiyar ƙwallon ƙafa, ga Veszprém a Hangari da Kielce a Polan. Waɗannan suna iya biya fiye da Kiel, sannan gasar gidajensu ba ta da wahala, ɗan wasa yana hutawa ya tanadi ƙarfinsa don Turai. A Jamus kuwa ƙungiya 18 ce, kuma ta ƙasan tebur tana iya kayar da ta sama a zaurenta. Ɗan wasan Kiel yakan buga wasan Turai a tsakiyar mako, ya hau mota ko jirgi ya buga na gida a ƙarshen mako, Janairu ya tafi wa ƙasarsa gasar duniya ko ta Turai, ya dawo ya ɗora. Gwiwa da kafaɗa ba ƙarfe ba ne. Jícha ya tafi Barcelona a 2015, Aron Pálmarsson ya tafi Veszprém a shekarar. Löwen ta ci gasa a 2016 da 2017, Flensburg ta ci 2018 da 2019. Shekara huɗu babu kambun Jamus, amma ba a kori Gíslason ba. Ya tafi da ƙafarsa a 2019 da kofin ƙalubale da kofin EHF, wato na gasar Turai ta biyu, a hannu, daga baya ya zama kocin tawagar ƙasar Jamus.

Jícha ya dawo da kambun a 2020, a kakar da annobar korona ta katse, ya maimaita a 2021 da 2023, wanda ya kai jimillar zuwa 23 a cikin ɗaki, babu wadda ta kama ƙafarta a Jamus. Kofin Turai na huɗu ya zo a ƙarshen Disambar 2020, a kan Barcelona kuma, 33 da 28, gola Niklas Landin ɗan Denmak yana tare ƙwallaye kamar an gina bango. Na kalli wasan a waya, kuma abin da ba na mantawa shi ne shirun. Zauren Kolon mai ɗaukar kusan mutum 20,000 babu kowa a ciki, kana jin ƙarar takalmi a kan daɓe da muryar koci. Ƙungiyar da jama’a suka yi renonta da hannunsu ta ɗaga kofi mafi girma ba tare da ko ɗaya daga cikinsu yana wurin ba. Abin ya ba ni tausayi fiye da yadda ya ba ni murna.

A 2023 Landin ya koma gida Aalborg, Sander Sagosen ya koma Kolstad a Norwe. Magdeburg, daga gabashin Jamus, ita ce ke tashe yanzu: ta ci gasar Jamus a 2022 da 2024, ta ci kofin Turai a 2023 da 2025, da wasa mai sauri na ’yan wasa masu kutsawa ɗaya da ɗaya, salon da ya sa manyan masu tsaron da Kiel ta saba dogara da su suka riƙa zama a baya da taki guda. Füchse Berlin ta ɗauki kambun 2025. Kiel ta gama ta huɗu a 2024, abin da ya hana ta shiga Gasar Zakarun Turai a kakar da ta biyo, ta koma gasar Turai ta biyu. A garin an yi ta surutu, wasu na cewa lokacin Jícha ya wuce, wasu na cewa ’yan wasa ne ba a sayo daidai ba. A ganina masu sukar suna da gaskiya a kan salon wasa, in kiɗa ya canza dole rawa ta canza, kuma Kiel ta makara wajen gane hakan. Inda ba na tare da su shi ne masu ganin maganin shi ne a nemo attajiri ɗaya a miƙa masa ragama. Waɗanda suka bi wannan hanya mun ga inda ta kai su a 2012, 2013 da 2016.

An dawo da gola Andreas Wolff daga Kielce a 2024, kuma a Afrilun 2025 Kiel ta doke Melsungen a Kolon ta ɗauki kofin ƙalubale karo na 13. A ƙarƙashin rufin zauren, wanda sunansa ya sha canzawa gwargwadon kamfanin da ya biya amma mutanen gari ba su daina ce masa Ostseehalle ba, hotunan su Dahlinger da Wislander da Lövgren suna rataye. A ƙasansu, ranar wasan gida, kujerun nan dubu goma suna cika da farare da baƙaƙen riguna, ko da Kiel ta huɗu ce a tebur.